Wa ke mana gadin rana?

Wajen ƙarfe sha ɗaya na dare saƙon ya faɗo zauren danginmu na WhatsApp, kuma Goggo ce ta turo shi. Wai a daren nan, daga sha biyu da rabi zuwa uku da rabi, kowa ya kashe wayarsa ya ajiye ta nesa da jikinsa, domin wasu haskoki masu haɗari za su gifta kusa da duniya. Wai NASA ce ta sanar, BBC ma ta faɗa. Aka rufe da "tura wa duk wanda kake ƙauna."

Washegari na kira ta ya fi sau biyar, wayar a kashe. Sai bayan azahar ta tuna ta kunna.

"Goggo, lafiya kuwa? Kin tayar mana da hankali."

"Lafiya lau, ɗan nan. Kai ba ka ga abin da aka ce ba? Ni har cajar ma a tsakar gida ta kwana."

Saƙon nan ya fi shekara goma yana yawo a wayoyin mutane cikin harsuna iri-iri, kuma da yake ba a sa masa kwanan wata ba, kowane dare ya zo daidai da shi. Ƙarya ce tsagwaronta. Abin da ya fi ba ni haushi kuwa, ranar 10 ga Mayun 2024, da guguwar rana mafi ƙarfi cikin shekara ashirin ta bugi duniya da gaske, zauren nan shiru kake ji. Hukumar da ke wannan aiki a Amurka ta yi gargaɗi tun ana gobe, amma bai iso gare mu ba.

Matsayina shi ne, sa ido a kan rana da hasashen abin da za ta jefo mana aikin hukuma ne, kamar hasashen damina. Ya cancanci a kashe masa kuɗin jama'a, mu ma a ƙasashenmu muna da rabo a ciki, kuma ya kamata a riƙa sanar da mutane da harshen da suke ji. Na faɗi haka a majalisarmu, na kuma sha dariya da ja-in-ja, shi ya sa na ga gara in zauna in amsa a rubuce.

Batiran Baba

Mun daɗe da sanin wannan yanayi, sunansa ne kawai ba mu sani ba.

Baba, Allah ya jiƙansa, yana da wata rediyo mai rigar fata. Ya ɗaura siririyar wayar tagulla daga bakin eriyarta zuwa reshen darbejiyar ƙofar gida. Da asuba yana kamo labarai a kan wata mita, da dare sai ya murɗa zuwa wata. Wani lokaci ana tsakiyar labari muryar mai karantawa ta riƙa nutsewa tana tasowa kamar mai iyo. Wata rana kuma da hantsi komai ya ɗauke, sai shuuu. Ya bubbuga ta da tafin hannu, ya juya ta gabas, ya juya ta yamma, daga nan ya zare batiran ya ce in kai su kan katanga su sha rana.

Sai da na girma na gane cewa sau da yawa wadda muke kai wa batiran ita ce mai laifin.

Zangon gajeren zango ba ya bin ƙasa. Sama yake tashi, ya daki wani rufi na iska mai caji da ke farawa daga kimanin kilomita 60 zuwa ɗaruruwan kilomita a samanmu, ya dawo ƙasa can da nisa. Masana suna kiran rufin ayonosfiya, kuma hasken rana ne ke gina shi. Kamanninsa da rana dabam, da dare dabam, shi ya sa gidajen rediyo ke sauya mita tsakanin shirin safe da na dare. Idan kuwa rana ta yi wata walƙiya mai ƙarfi, ƙasan rufin ya cika da caji har ya haɗiye zangon, sai rediyo ta yi gum a duk ɓangaren duniya da rana ke haskawa, na 'yan mintoci ko sa'a guda ko fiye.

Walƙiyar nan minti takwas take yi ta iso, don haka ganinta da isowarta duk ɗaya ne. Wanda ake iya yi wa shiri shi ne aman rana: wani curi na iskar gas mai zafi, nauyinsa ya kai biliyoyin tan, ɗauke da nasa maganaɗisun, da rana ke tofarwa. Yakan yi kwana ɗaya zuwa uku a hanya. In ya daki maganaɗisun duniya ya girgiza shi, wanda shi ne ake kira guguwar rana, duk wata doguwar waya da ke shimfiɗe a doron ƙasa sai ta sami wutar da ba wanda ya tura mata. A Satumban 1859, bayan wani Bature mai suna Richard Carrington ya ga walƙiya a jikin rana yana cikin zana baƙaƙen tabonta, aman ya iso cikin ƙasa da sa'a 18. Masu buga tangaraho suka sha jan wuta, wasu ma suka cire batir suka ci gaba da aika saƙo da wutar da ta zo daga sama.

Rana kuma tana da nata zagayen na kimanin shekara 11, ta lafa ta sake tashi. Na yanzu ya fara a Disamban 2019, kuma a Oktoban 2024 aka sanar cewa ya kai ganiyarsa.

"Wannan ai shiga gaibu ne"

Wani dattijo ne ya fara da wannan, kuma ban raina maganarsa ba, don mutanenmu suna da dalilin ƙyamar duk wanda ya ɗaga kai sama ya ce ga abin da zai faru gobe. Masu duba sun ɓata hanyar.

Na ce masa, "Baba Malam, in hadari ya haɗu a gabas, iska ta kaɗo mai sanyi, ka ce wa yara su kwashe shanya, gaibu ka shiga?"

Masu gadin rana abin da ya riga ya faru suke gani. Kumbon SOHO, wanda Turai da Amurka suka harba a 1995, yana da na'urar da ke rufe fuskar rana don a ga abin da ke fita daga gefenta. Suna ganin aman ya tashi, su auna gudunsa da inda ya dosa, su yi lissafin yaushe zai iso. Mai tsaron ƙofar gari ne ya hango ƙura daga nesa ya ce mahaya na tafe.

Kuma addininmu ne ya raba mu da camfi game da rana tun farko. Ranar da Ibrahim ɗan Manzon Allah (SAW) ya rasu aka yi kusufin rana, mutane suka ce don mutuwarsa ne, sai Annabi ya faɗa musu cewa rana da wata ayoyi ne daga ayoyin Allah, ba sa kusufi don mutuwar wani ko rayuwarsa. In ana neman abin da ya yi kama da camfi a wannan zance, saƙon da Goggo ta turo ne.

"Mu da wutar ma ba mu gani ba"

Wannan ce ta fi jawo dariya. Wani abokina ya ce, "Malam, layin wutarmu na ƙasa da yake faɗuwa da kansa, ina ruwansa da taimakon rana?" Na yi dariyar ni ma, don ya yi gaskiya rabi.

Gaskiya ne ƙasashen da ke kusa da ƙuryar arewa ta duniya sun fi shan wannan duka. Ranar 13 ga Maris 1989, cikin kimanin daƙiƙa 90, layin wutar lardin Kwibek na Kanada ya durƙushe, mutum miliyan shida suka yi sa'a tara babu wuta a cikin sanyi. An daɗe ana ɗaukar abin a matsayin ciwon masu ƙanƙara.

Sai guguwar ƙarshen Oktoban 2003 ta zo. Bayanta, manyan taransifomomi da dama suka lalace a Afirka ta Kudu, kuma injiniyoyin Jami'ar Cape Town sun danganta ɓarnar da wutar da guguwar ta cusa cikin layuka. Ba fashewa suka yi nan take ba. Zafi ne ya ci cikinsu a hankali, suka riƙa mutuwa cikin watannin da suka biyo baya. Irin wannan taransifoma ba ta unguwa ba ce da ake haɗa kuɗi gida-gida a gyara. Oda ake bayarwa a ƙera, a jira shekara ko fiye. Ƙasar da ke da na ajiya za ta jure. Wadda ba ta da shi fa? Gemun ɗan'uwa ne ya kama wuta.

Amma ni ba a kan wutar lantarki na fi damuwa ba. A kan inda Allah ya ajiye mu ne.

Duniya tana da ikwaita biyu. Akwai wadda muka koya a makaranta, akwai kuma ta maganaɗisu, inda layukan maganaɗisun duniya ke kwance daidai da ƙasa. Wannan ta biyun ta ratsa Afirka ta Yamma wajen digiri 10 arewa da ta farkon, wato ta bi ta kanmu. Kaduna da Bauci ba su da nisa da ita. A saman wannan layi, kimanin kilomita 100, akwai wani kogin wutar lantarki da ke kwarara gabas da rana tsaka. Ɗaya daga cikin mutanen da duniya ta fi sani a kan nazarinsa ɗan Najeriya ne, marigayi Farfesa Cyril Onwumechili, wanda ya yi bincikensa a Ibadan, ya kuma shugabanci Jami'ar Ife. Wani bincike da aka wallafa a 2015 ya nuna cewa wannan kogi yana ƙara ƙarfin girgizar maganaɗisu idan iskar rana ta bugi duniya ba zato, abin da ke nufin layukan wutar ƙasashen ikwaita ma ba su tsira ba.

Sai kuma abin da ke faruwa bayan magariba. Da rana ta faɗi, rufin nan na ayonosfiya a kan wannan yanki yakan tsattsage, wasu kumfa marasa caji su taso daga ƙasansa zuwa sama, su bazu arewa da kudu. Saƙon taurarin GPS, da ke saukowa daga nisan kimanin kilomita 20,000, dole ya bi ta cikinsu, sai ya riƙa rawa kamar kawalwalniya a kan kwalta. Abin ya fi tsanani wajen Maris da Afrilu, da Satumba da Oktoba, musamman a shekarun da rana ke ganiyarta. Ba ya ma jiran guguwa. Namu ne na gida.

Ina da aboki safiyo. Ya ce na'urarsa da rana tana ba shi awo daidai da 'yan santimita, amma in aiki ya ja su har duhu ya fara, wani lokaci sai ta burkice, ta ƙi tsayawa wuri ɗaya, yana tsaye a kan turke ɗaya tana nuna masa yana tafiya. Ya daɗe yana zargin wanda ya sayar masa da ita. Duk wanda ya taɓa zama a shari'ar iyakar gona ya san abin da taku biyu ke jawowa tsakanin 'yan'uwa.

Ga jiragen sama. Hukumar ASECNA mai kula da zirga-zirgar jiragen sama a wasu ƙasashen Afirka, wadda Nijar da Chadi da Kamaru ke cikinta, tana gina tsarin da zai bai wa jirgi damar sauka da taimakon tauraron ɗan'adam a filayen da ba su da na'urorin sauka masu tsada, kuma tun 2020 ta fara watsa saƙon gwaji ta tauraron Najeriya NigComSat-1R. Babban abin da irin wannan tsari ke kokawa da shi a yankinmu shi ne wannan rufi mai rawa. Matuƙan jirgi kuma har yau suna komawa ga gajeren zango, irin na rediyon Baba, idan suka shiga sahara ko teku inda ba tashar ƙasa kusa. Shi ya sa tun Nuwamban 2019 hukumar jiragen sama ta duniya ta sa a riƙa ba su sanarwar yanayin sararin samaniya kamar yadda ake ba su ta hadari.

A gefe guda, kada a ɗora wa rana abin da ba ta yi ba. Zafin bazarar da ke gasa mu a Sakkwato da Maiduguri ba guguwar rana ba ce. Ƙarfin hasken rana tsakanin lafawarta da ganiyarta bai fi kashi ɗaya cikin dubu yake sauyawa ba. Guguwar nan kuma ba ta taɓa jikin mutumin da ke ƙasa, ba ta fasa waya a ƙarƙashin matashi. Goggo ta kwana da tata lafiya.

"Ai su ma kuskure suke yi"

Suna yi, kuma ba kaɗan ba.

Kwamitin masana da ya yi hasashen zagayen rana na yanzu ya ce zai zo da sauƙi, adadin tabo ya tsaya wajen 115 a Yulin 2025. Rana ta yi gaban kanta: ta kai ganiya da wuri, kuma a Agustan 2024 adadin ya haura 200. Lokacin isowar aman rana ma sukan kauce da sa'o'i goma, gaba ko baya.

Mafi wuya shi ne sanin ƙarfin dukan. Wannan ya danganta da inda maganaɗisun aman ya fuskanta. In ya fuskanci arewa, maganaɗisun duniya ya kare mafi yawansa. In ya fuskanci kudu, ƙofa ta buɗe. Ba a kuwa tabbatar da hakan sai ya iso wajen kumbunan da ke gadi a nisan kilomita miliyan ɗaya da rabi daga nan, irin su ACE. Daga can zuwa kanmu minti 15 ne zuwa sa'a ɗaya. Mai gadin ya hango ƙura tun jiya, amma sai sun zo bakin ganuwa yake sanin fatake ne ko mahara.

A Fabrairun 2022 kamfanin SpaceX ya harba taurarin Starlink 49 a daidai lokacin wata 'yar ƙaramar guguwa. Iskar can sama ta yi zafi ta kumbura, ta riƙe su, 38 suka faɗo suka ƙone. Ƙaramar guguwa fa, mataki na farko cikin biyar.

To sai a daina? Mu duba Mayun 2024. An ga wani ƙaton tabo yana ta amai ɗaya bayan ɗaya, cibiyar hasashe da ke Boulder a jihar Kolorado ta fitar da gargaɗin da rabonta da irinsa tun 2005. Masu layukan wuta suka shirya. A New Zealand sun kashe wasu layuka da gangan don kare taransifomominsu. Jirage suka kauce wa hanyoyin ƙuryar arewa. Guguwar ta zo da ƙarfin da ya wuce wanda aka faɗa, ta kai mataki na biyar, jan haske ya bayyana a sama har Meziko da Namibiya, amma ba a sake ganin irin ta Kwibek ba. Waɗanda abin ya fi shafa manoman Amurka ne masu taraktocin da GPS ke tuƙawa, don ta same su a tsakiyar shuka, taraktoci suka riƙa kauce wa kunya. An ƙiyasta asararsu wajen dala miliyan 500. Da yawansu sai da abin ya faru suka ji labarin akwai gargaɗi.

Mai hasashen ruwan sama ma yakan ce gobe akwai ruwa a wayi gari rana ƙwal. Ba wanda ya ce a rufe hukumar hasashen yanayi ta NiMet saboda haka.

"To Amurka na yi kyauta, mu me za mu ƙara?"

Wannan ce hujjar da ta fi nauyi, kuma na yarda da kashi mai yawa na cikinta. Ƙasar da ke fama da yunwa da 'yan bindiga ba ta da hurumin harba kumbo ya je ya zauna gaban rana. Indiya ta yi, ta harba Aditya-L1 a Satumban 2023, Allah ya ba da sa'a. Hoton rana guda ne, duk wanda ya ɗauka ya ɗaukar wa kowa, kuma a intanet yake kyauta.

Abin da ba wanda zai auna mana shi ne samanmu. Kumbo zai gaya maka abin da ya baro rana, ba zai gaya maka yadda rufin da ke kan Kano ko Damagaram zai yi da ƙarfe takwas na daren yau ba. Wannan sai da ma'aunai a ƙasa, kuma Afirka ce nahiyar da ta fi ƙarancinsu, alhali ita ce ke da shimfiɗar ƙasa mafi tsawo a ƙarƙashin ikwaitar maganaɗisu. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Ba daga sifiri za a fara ba. Hukumar sararin samaniya ta Najeriya, NASRDA, da aka kafa a 1999, tana da cibiyar nazarin sararin sama a Anyigba ta jihar Kogi. Jami'ar Kyushu ta Japan ta girka ma'aunan maganaɗisu a Ilori da Legas da Abuja. Akwai malaman jami'a da suka ƙare rayuwarsu a wannan fanni. Afirka ta Kudu kuwa ta yi nisa: a Nuwamban 2022 ta buɗe cibiya a garin Hermanus da ke aiki dare da rana babu hutu, ita ce kuma ke riƙe da yankin Afirka wajen sanar da jiragen sama.

Abin da nake nema ƙarami ne in aka gwada da abin da ake kashewa a kan motocin manya. A sa na'urorin karɓar GPS da ma'aunan maganaɗisu a jami'o'i daga Sakkwato zuwa Maiduguri, daga Yamai zuwa Injamena. A ba kowace sola da batir da intanet, don ma'aunin da ke mutuwa duk lokacin da aka ɗauke wuta littafi ne mai yagaggun shafuka. A biya wanda zai riƙa share mata ƙura yana duba ta. A sa ma'auni a wasu manyan taransifomomi a ga ko wutar sama na shiga, maimakon duk wadda ta ƙone a ce tsufa ne. Sannan a sami teburi guda, da mutum a zaune kowane lokaci, wanda zai iya kiran masu kula da jirage da masu rarraba wuta ya ce ga abin da ke tafe.

Sai kuma harshe. Gidan rediyon da ke faɗa wa manomi ranar da ake sa ran saukar damina zai iya ƙara jimla biyu a ranar da ta kama: yau da gobe ana sa ran guguwar rana, rediyo da GPS za su iya yin gardama, ba ta cutar da mutum, kada wanda ya kashe waya. Inda hukuma ta yi shiru, mai saƙon sha biyu da rabi ne ke magana.

Da na je gaishe da Goggo na zauna na yi mata wannan bayani, har da batiran Baba. Ta saurara tana tsince shinkafa a faranti.

"To in ta gaskiyar ta taso, wa zai gaya mana?"

Na ce akwai shafin mutanen Kolorado, amma da Turanci yake.

"To kai ka riƙa dubawa," in ji ta. "In ka ga wani abu ka kira ni. Amma ka kira kafin sha biyu da rabi."